Wayar da Na Wanke

Maigatari,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Ubale da duk mutanen gidanku na Gagarawa Tasha. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan lafiya lau, Baba da Inna suna nan ƙalau.

Yaya, akwai abin da na yi, ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Na wanke wayar Baba. Ba ta magana ba, ta gashin nama. Na wanke ta da ruwa da sodar sabulu, babbar da ƙaramar duka.

Na san yanzu kin riƙe baki. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Ba zan iya faɗa miki ta wayar Baba ba, kin san yadda yake buɗe muryarta kowa ya ji. Shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina na aji shida. Zan cusa ta a cikin ƙullin yajin da Inna za ta ba Yaya Ubale gobe idan ya zo kasuwa.

Wata biyar ke nan da aka kai ki, tun daga ranar aikinki ya dawo kaina. Ban san haka yake da nauyi ba. Kullum da safe in sauke wayoyin daga baro, in kwashe tokar rabin duro, in kankare farantai, in je tuƙa-tuƙa sau uku. Maiƙon nan ba ya barin mutum. Yana cikin farcena, yana jikin hijabina, ko a islamiyya wadda ke kusa da ni sai ta ce tana jin yunwa. Ke kina yi kina waƙa. Ni kafin hantsi bayana ya riƙe.

Ranar da za a tafi da ke kin kama hannuna a bakin zaure kin ce, ki goge, kada ki wanke. Ana ta guɗa, na ce to. Amma ni a wajena gogewa da wankewa duk tsafta ce. Na ji kunyar tambaya, kada a ce shekara nawa ina gidan ban sani ba. Kuma ki yafe mini, a raina na ɗauka ƙiwa ce ta sa kike barin wayar baƙa ƙirin.

To sai wata rana Baba ya dawo yana ba Inna labari, wai wani direban tirela daga Damagaram ya ce bai taɓa ganin wayar da ta kai tasa baƙi ba, ko gindin tukunyar gidan biki albarka. Baba yana faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ɗauka da ni ake, ana cewa ni ƙazama ce.

Kin tuna Lauratu ta bayan gidanmu, mai yin sabulu? Na sha ganin tana jiƙa tukunyar da ta ƙone a ruwan soda, ta fito fes. Da Baba ya tafi ta'aziyya Sule Tankarkar na kwana biyu, sai na roƙi soda a wajenta, na ce tukunya zan wanke. Na jiƙa wayoyin a babban baho tun safe har yamma. Yaya, da kin ga yadda baƙin ya riƙa saluɓewa. Na bi da yashi da soson ƙarfe har sai da ƙarfen ya fito fari. Hannuna ya yi ta zugi, amma ban damu ba. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar ranar ba. Na jingine su a jikin katanga, ina ta tunanin abin da Baba zai ce.

Aka yi yayyafi. Da gari ya waye sun zama ja, tsatsa ta ko'ina. Da na ɗaga ƙaramar, wadda ake gasa hanta da ƙoda a kai, sai ta karye a wuri biyu. Ashe ta daɗe da sirancewa, baƙin nan ne yake riƙe da ita.

Na tura ƙaramar ƙarƙashin tarin kara a bayan turken awaki. Babbar kuma na sake dirje ta da yashi da ruwa, na shafe ta da baƙin gindin tukunya. Kin san hayaƙi ya ci idon Baba. Ya dawo, ya kama ta ta hannuwanta ya ɗora a baro, bai ga komai ba. Ƙaramar kuma ya zaci a rumfa ya bar ta.

Yau kwana tara. Kullum tsatsar sai ta dawo, kullum sai in dirje in shafa baƙi. Naman yana kamawa a jiki, idan ya zo juyawa sai ya yage. Na gaji, Yaya. Don Allah ki rubuto mini yadda kike yi. Ki rubuta da manyan baƙi.

Ki gaishe da surukarki. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Safara'u.

Maigatari,
Laraba.

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya, da fatan ƙafar Yaya Ubale ta yi sauƙi. Mutumin da ya aiko ya sayar masa da awaki ne ya gaya wa Baba cewa Yaya Ubale ya faɗi a babur. Allah ya ƙara afuwa. Na duba hannun mutumin ko da takarda, babu. Na san ba za ki ba kowa ba sai mijinki. Ni ma wannan zan riƙe ta har sai ya zo.

Abin ya ƙara lalacewa.

Da farko Baba ya ce man gyaɗa ne, ya canja mai sayar masa. Sannan ya ce gawayi ne ya sha ruwa. Sannan ya ce yajin Inna ne, wai ta rage citta. Inna ta ce shekara ashirin da biyu tana daka masa yaji, ba yau za ta manta hannunta ba. Ba su yi magana ba har washegari. Ni ina zaune a tsakaninsu ina tsintar shinkafa.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Ya ce, Safara'u, kina dai goge wayar nan ko? Na ce ina gogewa. Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya na faɗa ba. Ya ce Allah ya yi miki albarka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Masu saye sun fara cewa naman yana ɗanɗanon ƙarfe. Ranar kasuwa direbobin da suka saba cika masa benci suka tsallaka titi zuwa rumfar Baffa Haladu. Kin san ido da ido suke. Baba ya dawo da rabin naman, sai da muka yi ta rabawa maƙwabta. Duk shekaruna ban taɓa ganin nama ya dawo gidan nan ranar Alhamis ba.

Sai ya tashi neman ƙaramar waya. Ya duba rumfa, ya duba zaure, ya sa ni na duba ƙarƙashin gado. Na duba, Yaya. Na durƙusa ina leƙa inda na san ba ta nan. Daga nan ya tambayi Inna wa ya shigo gidan lokacin da yake Sule Tankarkar. Inna ta ce ba kowa, sai ƙaninsa Baffa Haladu da ya kawo mana ƙashin miya. Baba ya ce, to.

Kin fi ni sanin labarin. Da Kaka ya rasu, Baba ya ɗauki wayoyin da maƙerin Gumel ya ƙera wa marigayin, Baffa ya ɗauki wuƙaƙe da sikeli. Yanzu Baba cewa yake tun lokacin Baffa bai haƙura ba. Wai shi ya ɗauke ƙaramar ya kai inda aka yi masa aiki a kanta, aka juye masa kasuwa zuwa tsallaken titi. Ya faɗa a majalisarsu cewa an lalata masa waya, Malam Cindo mai shayi bai gane ba, ya ce ya kawo ya kai masa wajen masu gyara a bakin tasha, ƙila batir ne. Kowa ya yi dariya ban da Baba.

Ya daina amsa gaisuwar Baffa. Shekaranjiya na haɗu da Baffa a hanyar tuƙa-tuƙa, ya ɗora mini bokiti a ka. Ya ce, Malama Shiru, ke da kike jin komai ba kya cewa komai, me na yi wa Yayana? Ya ce in dai direbobi ne, shi bai kira su ba, har korar biyu ya yi ya ce su koma wurin babba. Na kalli ƙasa. Ya ce, af, na manta, tambayarki sai wanda ya zo da guzuri. Ya yi dariya, amma ba irin tasa ba.

Tafin hannuna duk ya tsage. Inna ta ba ni man kaɗanya, ba ta tambaye ni komai ba. Idan na kwanta da rana sai in riƙa jin ƙarar yashi a kan ƙarfe.

Ki taimake ni. Ina gaida kowa.

Taki,
Safara'u.

Maigatari,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin ganin Yaya Ubale a kan ƙafarsa, ko da yake yana ɗingishi. Na sami takardarki a cikin ƙullin kuka. Na karanta ta sau huɗu a bayan ɗaki. Faɗan da kika yi mini na karɓa, na cancanta. Inda kika rubuta cewa direban nan yabo ya yi, ba zagi ba, nan ne na yi kuka. Ban san baƙin nan man shekara talatin ba ne, na Kaka da na Baba da naki, wuta ta gasa shi ya zama rigar ƙarfen. Ni a wuni ɗaya na tuɓe ta.

Na yi yadda kika ce. Na jira Baba ya tafi mayanka. Na dirje tsatsar da busasshen yashi, ban kusanto da ruwa ba. Na hura wutar kara, na ɗora wayar har ta yi zafi sosai, na ɗaure kitse a bakin sanda na bi ta layi-layi. Na mayar kan wuta har hayaƙin ya ƙare, na sake shafawa. Kin ce sau bakwai, ranar farko sau biyar na iya, idona ya kumbura. Daga baya na bi da rabin albasa. Yanzu kullum da safe haka nake yi: in ɗumama ta, in kankare da bayan tsohuwar wuƙa, in goge da tsumman buhu, in shafa mai. Ashe ma ya fi abin da nake yi sauƙi. Da na buɗe baki na tambaye ki a bakin zaure, da minti biyu ya isa.

Ina zaton Inna ta sani. Hayaƙi ya cika gidan, ba ta ce uffan ba. Washegari na tarar da kitse a ƙaramin kwano a kan turmi, an rufe da faifai. Tun ranar kullum sai na tarar. Ba ta kalle ni ba, ban kalle ta ba.

Wayar ta fara dawowa. Ba ta kai baƙin da ba, launin ƙasa-ƙasa take yi, amma ranar Litinin nama ya tashi daga jikinta bai yage ba. Jiya direbobi uku sun dawo benci.

Sai dai, Yaya, ga inda abin ya juya. A makon da na fara gyaran, a makon Baba ya je wajen wani malami. Inna ta ce malamin ya gaya masa zato ba hujja ba ne, ya ba shi addu'o'in tsari kawai ya ce ya riƙa yi. Ranar Juma'a Baba ya tofa a ruwa ya yayyafa a rumfa. Ranar Litinin nama ya gyaru. To kin ga. Yanzu ya ce ba sauran shakka, da ba a yi masa aiki ba, me addu'ar ta karya?

Da ina ɓatawa, Baffa ake zargi. Yanzu ina gyarawa, Baffa aka tabbatar wa. Duk inda na sa hannu a kansa yake faɗawa.

Kin ce in gyara in yi shiru, Baba zai huce kamar yadda ya saba. Ina so ya zama haka. Jiya ya kawo mini tsoka mai kyau a takarda, ya ce ta mai goge waya ce. Na ba Inna.

Allah ya ba mu lafiya. Ki gaida maigida.

Safara'u.

Maigatari,
Alhamis da safe.

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, kasuwa ta fara ci, ina so in gama kafin Yaya Ubale ya biyo karɓar saƙo.

Bai huce ba.

Matar Baffa ta haihu ranar Asabar, namiji. Jibi ne suna. Baffa da kansa ya kawo goro, ya tsaya a zaure yana sallama. Baba yana ciki yana ji, ya ce in ce ba ya nan. Na fita zaure, na dai miƙa hannu na karɓi goron. Baffa ya ce in gaya wa Yayansa sunansa za a sa wa yaron, tun ana da ciki ya yi niyya, kuma bai fasa ba.

Na faɗa wa Baba. Ya ce in mayar da goron. Inna ta ce, Malam, goron suna fa. Ya ce ya ji, a mayar. Ya ce gobe bayan Juma'a zai je wajen Sarkin Fawa, a kira Baffa gaban mahauta duka, ko ya fito da ƙaramar waya ko ya rantse, sannan a tashe shi daga tsallaken titi. Kin san idan aka yi haka a gaban mutane ba a dawowa. Ko Baffa ya rantse, maganar za ta bi shi, ta bi yaron da ba a ma raɗa wa suna ba.

Na ɗauki goron har ƙofar gidan Baffa. Ina jin mata suna daka, jaririn yana kuka. Na tsaya a jikin katanga, sannan na juyo. Goron yana cikin gwangwanin da kika bar mini, na yayyafa masa ruwa na rufe da ganye. Baba ya ɗauka na mayar.

Na yi ta tunanin maganarki. Gaskiya ne, idan na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Wayar ta warke, kasuwa ta dawo, Baba yana sa mini albarka safe da yamma. Inna ba za ta tona ni ba, ke ma haka. Kuma ina tsoro, Yaya. Ba dukan nake tsoro ba, kin san bai taɓa dukanmu ba. Yadda zai ɗago ya dube ni da idon nan nasa da ba ya gani sosai, shi nake tsoro. Zai gane mako biyar ina zuba masa ruwan alwala ina kallo yana ƙin ɗan'uwansa.

Amma na gaji. Gajiyar yashi da ruwa ta wuce, hannuna ma ya fara warkewa. Wannan wata ce daban, barci ba ya rage ta.

Ɗazu da Baba ya fita na janye karan bayan turke na zaro ƙaramar waya. Ta yi ja sosai, gara ta yi gini a jikinta. Ban goge ta ba, ban shafa mata komai ba. Na naɗe ta a buhu na sa a bayan ƙofarmu.

Ba zan yi yau ba, ranar kasuwa ce, kada in ɓata masa ciniki. Gobe da safe idan na kai masa kunu zan kai da ita. Zan sa masa ita a hannu, tun da hannunsa ya fi idonsa gani, ya taɓa inda ta karye. Zan ajiye goron kusa da kofin. Na san idan na ce zan yi dogon bayani muryata za ta maƙale, shi ya sa na zaɓi kalma huɗu kawai. Baba, ni na wanke. Na gwada a gaban awaki ya fi sau ashirin, sau uku na ƙarshe muryata ta fita.

Don Allah idan kin karanta kada ki kira wayar Baba, kada ki aiko kowa ya riga ni. Ke kika goge shekara shida ba a ji komai ba. Ni na wanke, ni zan faɗa.

Ki yi mini addu'a. Idan an yi sunan da mu, zan ajiye miki naman suna a hannun Yaya Ubale, wanda aka gasa a kan babbar.

Ƙanwarki,
Safara'u.